Igiyar Azurfa Da Kunnuwan Ƴaƴanmu

Duk wanda ya zaga cikin garin Tawa da maraice, daga bakin kasuwa zuwa ƙofar lise ko hanyar Jami'ar Djibo Hamani, zai ga samari da ƴan mata da abin saurare cushe a kunne, wanda mu a nan muke ce wa ekutar, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce iyafis. Wannan ya daɗe da zama jiki. Abin da ya shigo daga baya shi ne wani iri da ake ratayo igiyarsa ta bayan kunne, wanda ake iya cire igiyar a sa wata. Asalinsa na mawaƙa ne, suna sa shi a kan dandali don su ji muryarsu a tsakiyar kiɗa da ihun jama'a. Kamfanonin Sin irin su KZ da Moondrop suka shiga ƙera masu araha, har ya iso hannun ɗalibai.

Tare da shi wata magana ta zo, wadda ake ta yaɗawa a bidiyoyin YouTube da TikTok: wai igiyar da ake sayar da ekutar da ita ba ta fitar da sautinsa na gaskiya, sai ka sayi wata ta musamman. Ta jan ƙarfe zalla, in ji su, tana ƙara wa ganga kauri. Ta azurfa tana wanke murya. Wadda aka haɗa da zinariya kuwa sai ka ji kamar mawaƙin na zaune gabanka. Akwai kamfanoni a Singafo da Hong Kong da wannan ce sana'arsu, kuma suna da igiyoyin da kuɗinsu ya haura yuro dubu. Yuro dubu sefa 655,957 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka arba'in da biyu ne a wata, ke nan igiya guda mai tsawon mita ɗaya da ɗan kai ta cinye albashin fiye da wata goma sha biyar.

Na san mai karatu zai ce, to ina ruwan Tawa da igiyar yuro dubu? Gaskiya ne, ba ɗan Adar da zai je kasuwa ya ɗauko ta. Amma maganar da ake sayar da ita da ita ta riga ta iso salular ƴaƴanmu, kuma tana da ƙannai masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake yi wa fentin azurfa a tallata a intanet. Ita ce yaro zai matsa wa yayansa da ke cin rani a Abijan ko Libiya ya aiko masa da ita, a gidan da ake jiran wannan aike don sayen hatsi. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Igiya mai tsada ba ta ƙara wa sauti wani daɗin da kunne zai iya ji, kuma yaron da muka bari ya yarda da wannan ba tare da gwaji ba, mun bar shi a hannun kowane mai talla da zai gamu da shi nan gaba. Sannan yayin da hankalinsa ke kan igiya, kunnen da yake sauraro da shi yana lalacewa ba wanda ya kula.

Bari mu fara da aikin igiyar. Salula tana aika lantarki ɗan kaɗan, igiya ta kai shi ga ƴar lasifikar da ke cikin ekutar, lasifikar ta motsa iska, kunne ya ji. Aikin igiya ke nan, ɗaukar saƙo. Kowane ƙarfe yana ɗan turje wa lantarkin da ke bi ta cikinsa, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idar a 1827, wadda muke koyar da ita a darasin fizik a CEG. Ekutar kansa yawanci turjiyarsa om 16 ce ko 32, domin a cikinsa akwai zaren jan ƙarfe siriri kamar gashi da aka nannaɗe. Igiya mai lafiya kuwa turjiyarta ba ta cika kai om ɗaya ba.

Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wuce da lantarki, amma da kusan kashi 6 cikin 100 kawai. Mu yi lissafin kamar a allo. A ce igiyar jan ƙarfe tana da rabin om. Idan aka yi irinta sak da azurfa zalla, abin da za a rage shi ne om 0.03. Sa wannan kusa da om 16 na ekutar, za ka ga canjin ƙarfin sauti bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na desibel guda ba, alhali kunne mai lafiya sai bambanci ya doshi desibel guda kafin ya lura da shi cikin sauƙi. Kuma duk ribar da azurfa ta kawo, ana samun ta idan aka ƙara wa jan ƙarfen kauri kaɗan. Zinariya kuwa, da ake tsammanin ita ce sarauniya, ta fi jan ƙarfe turjiya. Dalilin da ya sa ake shafa ta a bakin abin da ake sokawa a salula shi ne ba ta tsatsa. Mu Adarawa mun san darajar azurfa a hannun maƙeran Abzinawa, mun san yadda take ƙawata wuyan amarya, shi ya sa sunanta ke da nauyi a kunnenmu. Lantarki bai san wannan daraja ba.

A tuna kuma da inda waƙar ta fito. Kafin ta iso gare ka, ta bi ta mitoci masu yawa na wayar jan ƙarfe ta gama-gari a ɗakin ɗaukar sauti a Kano ko Yamai. Daga nan aka matse ta ta zama MP3, wani ya tura wa wani ta WhatsApp ko Xender, mai tura waƙoƙi a kasuwa ya zuba maka ita a kati. Abin da aka zubar a wannan doguwar hanya ya tafi ke nan. Mita ɗaya ta ƙarshe, ko da lu'ulu'u aka yi ta, ba za ta dawo da shi ba. Ruwan da ya gurɓata tun daga rijiya, sabon tulu ba ya tace shi.

Kada a ce na ce igiya ba ta da wani tasiri ko kaɗan. Igiyar da ta tsinke daga ciki tana sa kunne ɗaya ya riƙa ɗaukewa. Bakin da ƙurar hunturu ta cika ko gumi ya ci yana kawo ƙaraf-ƙaraf. Wata igiyar tana da tauri, duk lokacin da ta goga da riga sai ka ji a kunne. Akwai kuma wasu ekutar masu ƙananan lasifiku da yawa a ciki, waɗanda igiya siririya mai turjiyar om da dama kan iya ɗan karkatar da sautinsu, kuma ana iya auna wannan da na'ura. Maganin duk waɗannan ɗaya ne: igiyar jan ƙarfe mai kauri daidai, mai kyakkyawan haɗi, ta kuɗi kaɗan. A nan ma amfanin ekutar mai cirarriyar igiya yake ga talaka. Idan igiya ta mutu, wadda ita ce ke fara mutuwa a zafin Tawa da aljihun ɗalibi, sai a canza ta kawai a ci gaba da amfani da sauran.

To me ya sa mutane da yawa ke rantsuwa sun ji bambanci? Ba ƙarya suke yi ba, kuma wannan shi ne abin da nake so iyaye da malamai su fahimta. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a wannan fage maganar ta tabbata fiye da yadda mai karin maganar ya nufa. Idan ido ya ga abu mai sheƙi, aljihu kuma ya san abin da ya fitar, ƙwaƙwalwa tana shirya kunne ya ji daɗi tun kafin a kunna waƙar. Ga shi kuma kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na ƴan daƙiƙu, alhali cire igiya da sa wata yana ɗaukar minti guda ko fiye. Ƙari a kan haka, idan an ɗan ƙara ƙarfin sauti ko yaya, kusan kowa zai ce na biyun ya fi daɗi.

Masana sun gwada wannan. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman a Amurka sun sa mutane su saurari lasifiku iri-iri, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an sa labule. Da ido a buɗe, manya masu tsada suka kwashe maki. Da aka sa labule, tazarar ta ragu ƙwarai. A 2010 a birnin Indiyanafolis, an ba ƙwararrun masu kaɗa gogen Turawa su 21 tabarau mai duhu, aka miƙa musu sababbin goge da tsofaffi, ciki har da na Stradivari, maƙerin Italiya da ya rasu a 1737, waɗanda ake saye da miliyoyin dala. Wanda suka fi so sabo ne, wanda suka fi ƙi kuwa na Stradivari ne. A 2007 kuma, James Randi, wani Ba'amurke da ya shahara wajen tona asirin masu damfara, ya sa tukuicin dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wayar lasifika ta dala 7,250 da ta gama-gari da kunne kawai. Har aka rufe gasar tasa a 2015 ba wanda ya karɓi kuɗin. Idan ido zai iya yaudarar wanda ya shekara talatin yana kaɗa goge, ɗan ajin BEPC bai yi abin kunya ba don ya yaudaru.

Ƴan uwana malamai, a nan aikinmu yake. Tun a makarantar horon malamai ake nanata mana cewa yaro ya fi riƙe abin da ya taɓa da hannunsa. Kullum muna kukan babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Ga gwaji nan da ba ya buƙatar komai sai salula ɗaya, ekutar ɗaya, igiya biyu, rawani da kuma kuɗin ƙarfe guda. A zaunar da ɗalibin da ya ce yana jin bambanci, a rufe masa ido da rawani. Wani ɗalibin ya jefa kuɗin sama: idan ya faɗi ta wannan fuska a sa igiya ta farko, idan ta ɗayar a sa ta biyu. Kada a taɓa maɓallin ƙarfin sauti, kada mai sauraro ya taɓa igiyar, kuma wanda ke canzawa kada ya yi magana ko dariya. A kunna wuri ɗaya na waƙa ɗaya, mai sauraro ya faɗi wace igiya ce, a rubuta. A maimaita sau goma. Wanda ke cinta kawai zai dace kusan sau biyar. Dacewa sau tara ko goma da sa'a zalla kuwa, damarta 11 ce cikin 1,024, wato kusan ɗaya cikin ɗari. Idan an samu ɗalibin da ya ci tara, a sake gwada shi gobe, kuma idan ya sake ci, a yarda da shi a nemi dalili, domin gwaji na gaskiya dole ya bar ƙofar a kayar da malami ma. A awa ɗaya an yi fizik, an yi lissafi, an kuma koya wa yaro cewa akwai hanyar raba abin da yake ji da abin da yake so ya ji.

Wannan darasi ya wuce ekutar. Yaron da ya saba tambayar "yaya aka gwada?" shi ne gobe zai tsaya ya yi tunani idan mai magani ya zo da lasifika a kan mota ranar kasuwar Badagishiri yana cewa kwalba ɗaya na warkar da cuta arba'in. Shi ne zai tambayi mai sayar da taki ko irin albasa, shi ne ba zai tura kowane saƙon murya da ya shigo masa ba tare da ya bincika ba. Masu tallan igiya da masu tallan maganin ƙarya dabararsu ɗaya ce: kalmomi masu daɗi da ba a iya aunawa, da shaidar wani da ya ce ya gwada ya ji daɗi.

Akwai wanda zai ce, kuɗinsa ne, ya saya abin da ransa ke so, araha ba ta ado. Ban musa ba. Mutum na ɗinka babbar riga mai aiki ya san ba za ta fi mara aiki tare sanyi ba, yana yi wa doki kwalliya ya san ba za ta ƙara masa gudu ba. Baligin da ya ci ya ƙoshi, ya sauke nauyin iyalinsa, idan ya sayi igiya don kyanta ko don ƙarkonta, tsakaninsa da aljihunsa ne. Inda nake da ja shi ne a sayar da ado da sunan magani, kuma a sayar wa yaron da kuɗin ba guminsa ba ne. Duk wanda ya san Adar ya san yadda ƙauyuka daga Kalfu zuwa Barmu, daga Keita zuwa Buza, ke zama sai mata da tsofaffi da yara bayan girbi, ya kuma san irin wahalar da ake sha a ƙasar wasu kafin a aiko jaka goma gida.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba na jin masu bidiyon igiya suna ambata. A can cikin kunne akwai wani abu mai kama da dodon koɗi, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, kusan dubu goma sha biyar a kowane kunne. Su ke mayar da motsin iska ya zama ji. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ita da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka fitar da ma'auni: babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Idan ƙarfin ya hau zuwa 90, awa huɗu ne kawai a mako. Idan ya kai 100, minti ashirin ne. Salula da ekutar, idan aka ƙure su, suna iya kaiwa 100 har su wuce. Yaron da ke kwana da waƙa a kunne yana iya cinye rabon mako guda kafin barci ya ɗauke shi.

Mu nan mun san kurumta. Muna cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara, mun ga yaran da ya bari ba sa ji. Wannan kurumtar tana zuwa a rana ɗaya, kowa ya gani ya tausaya. Ta ƙara kuwa a ɓoye take zuwa, ba ciwo, ba jini. Siririn sauti take fara ɗauka, wanda da shi ake rarrabe baƙaƙe irin su s da sh da f da ts. Yaron zai ce yana jin malam na magana amma bai gane abin da ake faɗa ba, musamman idan yana zaune a baya a aji mai cunkoso. Sai ya faɗi a dikte, ya faɗi a Faransanci, mu rubuta masa cewa ba ya mai da hankali, uba kuma ya ɗauki bulala. Ƙara da wannan injin niƙa da yaran ke tsayawa kusa da shi, da janareto, da lasifikun biki da ake jingina da su har tsakar dare, za a ga cewa kunnen ɗan Tawa ya riga ya sha wuya kafin ma ya sa ekutar.

Ban ce a ƙwace ekutar daga hannun yara ba. A gidan da mutum goma ke tsakar gida ɗaya, da shi ɗalibi ke sauraron darasi ko karatun Alƙur'ani bai dami kowa ba. Abin da nake roƙon iyaye shi ne abubuwa masu sauƙi da ba sa cin ko dala. Kada ƙarfin sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar salula, kuma salula da yawa suna nuna gargaɗi idan an zo wurin, a koya wa yaro kada ya danna ya wuce. Idan kana tsaye kusa da ɗanka kana jin waƙar da ke kunnensa, ko ka kira shi daga nisan hannu bai ji ba, ta yi yawa. A huta bayan kowace awa. Kada a kwana da shi. Kada a hau kabu-kabu ko a tsallaka titi da kunnuwa biyu a toshe. Idan yaro ya ce kunnensa na kuka bayan ya cire, ko ya yawaita cewa "me ka ce?", a kai shi asibiti a duba, kada a ɗiga masa mai ko a soka masa tsinke.

Wanda kuma yake son sautinsa ya gyaru da gaske, ga inda ribar take: ƴar robar da ke bakin ekutar. Yawanci ana sayar da shi da girma uku. Idan robar ba ta toshe ramin kunne daidai ba, kaurin sautin zubewa yake yi, yaron kuma sai ya ƙara ƙarfi don ya cike giɓin. Idan ta zauna daidai, ganga za ta fito, hayaniyar waje za ta ragu, ba sai an ƙure salula ba. Wannan bambanci ne da kowa zai ji ko da an rufe masa ido da rawani biyu, kuma robar tana cikin kwalin da aka riga aka biya. Bayan ta sai a nemi waƙar da ba a matse ta da yawa ba, a riƙa goge ekutar, kuma kada a riƙa karɓa-karɓa da shi daga kunne zuwa kunne.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, kuma tana faɗowa ana tsakiyar shekarar karatu. Ina ba shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara na Tawa da kewaye shawara su ware awa ɗaya a wannan rana: rabin farko a yi gwajin igiya biyu a gaban aji, rabi na biyu kowane ɗalibi ya buɗe salularsa a duba inda ya saba ajiye ƙarfin sauti. Ba sai an jira takarda daga Yamai ba, ba sai an nemi kuɗin wata ƙungiya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai kunnen na nan. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu.